Wasan bidiyo da mai shanyewar ɓarin jiki: abin da bincike ya nuna, da abin da ke hannunmu

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama albarkacin 29 ga watan Oktoba, ranar da duniya ta ware don ciwon shanyewar ɓarin jiki, wanda a takardun likita ake rubuta shi AVC. Na kuma gode muku da kuka baro fada, kuka bar shayi bisa wuta kuka zo. Na san ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da tambaya. A cikinmu nan, wa ya taɓa manet a satin nan, ko ya yi wasa a waya ko da na minti goma ne? Ku ɗaga hannu, ba kunya, ni ma nawa na sama. To, ku sauke. Tambaya ta biyu: wa ke da wani a gida, ko cikin dangi, ko a unguwa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, hannu ya maƙale a ƙirji, ƙafa sai ja? Kun gani ko? Kusan hannuwan da suka tashi da farko su ne suka sake tashi. Abin da ya kawo ni gabanku ke nan. Mai wasa da mai ciwo suna cikin gida ɗaya, wani lokaci bango kaɗai ke tsakaninsu, amma ba mu taɓa tunanin ɗaya na da abin da zai yi wa ɗaya ba.

Ni ba likita ba ne, in faɗa muku tun yanzu. Abin da ya tura ni karance-karance a kan wannan magana, kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Tela ne, ya fi shekara talatin a kan keke, rabin kayan sallar unguwarmu daga hannunsa suke fitowa. Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce. Baki ya karkace, magana ta koma kamar ta mai magagin barci. A gida aka ce iska ce ta buge shi. Aka yi turare, aka yi shafe-shafe, sai a kwana na biyu aka kai shi likita. Can aka auna tansiyo aka ga ta yi sama sosai, shi kuwa bai taɓa sanin yana da hawan jini ba. Ya yi kwana goma sha biyu a kwance, aka sallame shi da takardar magani, aka ce ya riƙa zuwa wajen kine, wato masu motsa gaɓoɓi, waɗanda a Najeriya ake ce wa likitocin gashi. Ya je sau shida. Ku lissafa: kuɗin zama, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ga mutum biyu da za su bar sana'arsu su tallabe shi. A na bakwai aljihu ya ce a'a. Daga nan sai ɗaki: tabarma, rediyo, da hannun dama naɗe bisa ciki kamar ba nasa ba.

Mu fara da ciwon kansa, don har yanzu da yawanmu iska muke ɗora wa laifi. Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa. Idan jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko ta fashe jinin ya malale a ciki, wurin da jijiyar ke ciyarwa sai ya fara mutuwa. Masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu a kowane minti. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tuƙa ɓarin dama na jiki, na dama kuma shi ke tuƙa hagu. Shi ya sa ciwon na cikin kai, amma a hannu da ƙafa ake ganinsa. Hannun kawu lafiyarsa lau, ƙashi na nan, nama na nan. Mai ba shi umarni ne ya samu rauni.

Masu bin diddigin wannan ciwo a duniya sun ce mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Nan kusa da mu, an yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, a kan majinyata sama da 2,000, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Ya nuna hawan jini shi ne uban tafiya. Ya kuma nuna kusan ɗaya cikin huɗu na majinyatan ba su kai shekara 50 ba. Don haka kada wani ya ce ciwon tsofaffi ne. Yayyenmu ma yana kama su.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa. Amma ƙwaƙwalwa na da wata baiwa: maƙwabtan wurin da ya lalace suna iya koyon aikin da ya bari. Kamar hanyar gona ce da ruwa ya cinye. Idan mutane suka yi ta ratsawa ta gefe, yau da gobe sai sabuwar turba ta fito. Idan ba mai bi, ciyawa ta rufe. A 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, ya nuna haka a jikin ƙananan birai masu ɗan rauni a sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da hannu. Biran da aka sa su yi ta zaro ƴan ƙwayoyin abinci daga ƙananan ramuka da yatsunsu, abin da ya saura na sashen bai ƙanƙance ba, hannun kuma ya dawo aiki. Waɗanda aka ƙyale ba horo, sashen nasu ƙara tsukewa ya yi.

Wani masanin kuma, Edward Taub, ya yi bayanin abin da duk mai jinya ya gani da idonsa. Mutum ya gwada ɗaukar cokali da hannun da ya shanye, ya kasa, ya ji kunya, sai ya koma ga mai lafiyar. Gobe haka, jibi haka. Kafin a ankara ya koya wa kansa mantawa da hannun, ko da kuwa ƙarfi ya fara dawowa cikinsa. Mu ma muna sa hannu a wannan, da sunan tausayi. Mu ba shi abinci a baki, mu sa masa riga, mu ce: «Baba, kar ka wahalar da kanka.» Niyya mai kyau, amma hanyar da muke so ta buɗe ita muke barin ciyawa ta rufe.

To, sau nawa ya kamata a maimaita motsi? A gwaje-gwajen dabbobi ana maganar ɗaruruwa ne a rana, 400 zuwa 600. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Catherine Lang, ita da abokan aikinta suka zauna suna kallon zaman jinya 312, suna ƙirgawa. Suka tarar a zaman da ake horar da hannu kan wani aiki, majinyaci kan maimaita motsin ne kimanin sau 32. Talatin da biyu fa, a inda ake da kine a kowane asibiti. Mu da majinyacinmu ya je sau shida ya daina, ku ƙiyasta namu. Ga shi lokaci ba ya jira: watanni uku zuwa shida na farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo, kodayake ana samun ci gaba ko bayan shekaru.

Matsalar maimaitawa ita ce gundura. Ka ce wa dattijo ya ɗaga hannu ya sauke sau ɗari uku yana kallon bango. A na ashirin zai ce maka ya gaji, kuma da gaskiyarsa. Yanzu ku tuno kanku a ɗakin Play. Wa ya taɓa ƙirga sau nawa babban yatsansa ya danna a wasan ƙwallo guda? Ba wanda ya ƙirga, don hankali na kan ci. Wasa yana ba ka maki nan take, yana ƙara wuya daidai yadda ka ƙware, yana sa ka ce «bari in ƙara ɗaya» har dare ya raba. Masu ƙera wasanni sun zuba dukiya mai yawa don su gano yadda za su hana mu ajiye manet. Abin da iyayenmu ke faɗa da mu a kansa ke nan, kuma shi ne daidai abin da mai shanyewar jiki ke nema: dalilin da zai sa ya ƙara ɗaya.

Likitoci sun daɗe da lura da haka, sai dai na'urorin farko na ɗakin bincike ne, masu tsadar gaske. Abin ya sauya a 2006, da kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Wii. A Wii kana riƙe da ɗan sanda ne, in za ka buga tanis sai ka wurga hannu kamar da gaske. Daga baya suka ƙaro wani faifai da ake hawa, yana auna yadda mutum ke raba nauyinsa tsakanin ƙafafu biyu. A 2010 Microsoft ya fito da Kinect, kyamarar da ke ganin motsin jiki gaba ɗaya ba sai ka riƙe komi ba. Nan da nan cibiyoyin jinya a Turai da Amurka da Asiya suka shigar da su aiki, don sun fi kayan asibiti arha nesa ba kusa ba. Bayan haka aka fara ƙera wasanni musamman don majinyata: kamfanin MindMaze a Suwis, safar hannu mai auna motsin yatsu ta Neofect a Koriya ta Kudu, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka kuma har da wasan da majinyaci ke tuƙa dabbar ruwan nan dolfin da motsin hannunsa.

Yana aiki kuwa? Nan nake so ku buɗe kunne, don a intanet za ku ga bidiyoyi masu daɗin kallo, tsoho na dariya gaban tele, amma bidiyo ba hujja ba ne.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Toronto na Kanada, Gustavo Saposnik, ya yi ɗan gwaji da Wii a 2010 da mutum 22. Sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa, jaridu suka ɗauka. Sai ya ce bari a yi babba. Aka ɗauki majinyata 141 a cibiyoyi 14 na ƙasashe huɗu: Kanada, Ajantina, Peru da Tailan. Dukkansu ba su wuce wata uku da kamuwa ba, hannunsu na ɗan motsi, kuma suna samun kine kamar kullum. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ƙara musu awa guda ta Wii, sau goma cikin sati biyu. Ɗaya rabin aka ƙara musu awa guda ta wasannin hannu: karta, bingo, wasan ƙwallo, da Jenga, wato zare ƴan katakai ɗaya-ɗaya daga jeri ba tare da ya rushe ba. An buga sakamakon a 2016 a mujallar Lancet Neurology. Duka ɓangarorin biyu hannunsu ya ƙara sauri. Tsakanin masu Wii da masu karta kuwa, babu wani bambanci na a zo a gani. Masu binciken da kansu suka kammala da cewa wasanni masu sauƙi, masu arha, da ake samu ko'ina, suna iya yin aikin da na'urar ke yi, muddin ana yin su da yawa kuma sun dace da aikin da ake son hannu ya koya.

A Ingila an gwada irin wannan a cikin gidajen mutane: majinyata 240, wasu aka ba su Wii, wasu aka tsara musu atisayen hannu, tsawon sati shida. Nan ma Wii bai fi ba, sai dai ya fi tsada. A 2017 kuma ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta haɗa gwaje-gwaje 72 da suka shafi mutum 2,470. Ga abin da ya fito game da hannu: idan ka cire awar kine ka sa awar wasa a madadinta, ba ka ci wata riba ba. Idan kuwa ka bar kine yadda yake ka ƙara wasa a kai, ana samun ƙarin sauƙi, don lokacin motsa hannun ya ƙaru. Illolin da aka gani kaɗan ne kuma marasa tsanani, irin su jiri da ciwon kai.

Wani zai ji wannan ya ce ashe abin banza ne. Ni kuwa ranar da na karanta, wallahi daɗi na ji. Da a ce sirrin cikin na'urar yake, da mun shiga uku. Ina kuɗin? Ina kuran ɗin da zai tsaya awa guda bai tafi ba? Amma binciken cewa ya yi sirrin na cikin yawan motsi, da abin da zai riƙe mutum har ya yi motsin. Wannan kuwa muna da shi. Kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Kine ne ba su ishe mu ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke, wanda ke ƙauyen Dakoro ko Tanut ko Abalak sai ya ci hanya kafin ya ga ɗaya. Amma lokaci da ƴan wasa, fada guda ta ishi unguwa.

Sai dai ba kowane wasa ba. Wasan ƙwallon da muke bugawa da manet, manyan yatsu biyu kawai yake motsawa, kuma saurinsa ya fi ƙarfin hannu mai rauni. Ka ba majinyaci shi, ka ci shi bakwai da nema, ka kashe masa zuciya. Wasan da ya dace shi ne wanda ke sa hannu ya yi abin da rayuwa ke nema: miƙawa, buɗe tafi, kamawa, saki. Idan akwai tsohuwar Wii ko Kinect, an daina ƙera su amma ana samun na hannu, to madalla. Idan babu, waya ma ta isa. A ajiye ta bisa tebur, a ɗan nesanta ta yadda sai ya miƙa hannu, a sa wasan yanka ƴaƴan itace irin Fruit Ninja, ko na jera alawa, ko ludo. Tablet ta fi, don fuskarta na da faɗi, hannu zai yi tafiya mai nisa. Idan caji ya ƙare, ga dara. Ku dubi dara da idon kine: ramuka 30, kowa da ƴaƴa 12, ka tsinci kara da yatsu biyu, ka miƙa, ka soka a rami, ka saki. Kuma dara wasan manya ne, ba dattijon da zai ji an mai da shi yaro. Iyayenmu mata kuwa, ludo da jikoki, tsintar wake, jan carbi da hannun da ya raunana, duk cikin lissafin suke.

Yanzu ga sharuɗɗa, kuma ina roƙon duk wanda zai kai wannan magana gida ya kai ta da sharuɗɗanta.

Na farko, wasa ba ya maye gurbin likita, ba ya maye gurbin maganin tansiyo. Wanda ya yi AVC sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, kuma babban abin da ke tare shi shi ne shan magani kullum, da rage gishiri da dunƙule, da barin taba. Kada kuma a yi gaggawa. Wani babban bincike mai suna AVERT, a kan mutum sama da 2,000, ya nuna a 2015 cewa tada majinyaci da motsi mai yawa tun cikin awa 24 na farko ba ya ƙara masa alheri, har ma yana rage shi. Likita ne zai ce lokaci ya yi.

Na biyu, ko sau ɗaya ne a nemi kine ya ga majinyaci, ya nuna motsi biyu ko uku da suka dace da shi. Ka ɗauki bidiyonsa a waya don kada ka manta. Idan kuɗin zama huɗu kawai ake da shi, gara a raba su ɗaya kowane wata, ana aiki a gida tsakani, da a ƙone su cikin sati guda.

Na uku, kafaɗa. Hannun da ya shanye kafaɗarsa na iya saki, don naman da ke riƙe ta ya yi sanyi. Kada a taɓa jan majinyaci ta wannan hannun don a tada shi. A ɗora gwiwar hannun bisa tebur ko matashi lokacin wasa. In ya ce da zafi, a tsaya.

Na huɗu, a fara a zaune, bisa kujera mai jingina. Wasannin tsayuwa sai da izinin kine, kuma da mutum tsaye a gefen da ke da rauni, don faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu ta mai da mu baya da shekara. A kuma lura da wayo: jiki zai so ya sunkuya gaba ɗaya ya kai ga wayar maimakon hannu ya miƙe. Idan ka ga haka, matso da wayar kusa.

Na biyar, minti goma sha biyar sau uku a rana ya fi awa guda a jere, don gajiyar bayan AVC gaskiya ce, ba lalaci ba ne. Wanda ya taɓa yin farfaɗiya, a tambayi likita kafin a sa shi gaban wasa mai walƙiya. Wanda ba ya lura da ɓarin hagu na abin da ke gabansa, ko ba ya fahimtar magana sosai, yana buƙatar tsari na daban daga ma'aikaci. Wanda hannunsa ba ya motsi ko kaɗan, waɗannan wasannin ba su kai gare shi ba tukuna. Binciken da na kawo muku a kan masu ɗan motsi aka yi shi.

Na shida, mutunci. Ba a ɗaukar majinyaci hoto a zuba a TikTok. Ba a yi masa dariya in ya kasa. Ba a kuma barin shi ya ci da gangan har ya gane, don wannan ma raini ne. A rage wuyar wasan dai, ya ci da guminsa.

In koma ga kawu. Wajen wata biyu da sallamarsa, ƙanena ɗan shekara goma sha huɗu yana zaune bakin ƙofarsa yana yanka kankana a waya. Kawu ya daɗe yana kallo, sai ya ce: «Kai, kawo in gani.» Da hagu ya fara. Yaron nan, da rashin kunya irin ta yara, ya ce: «Kawu, ai hagu ba wasa ba ne, da dama ake yi.» Kawu ya ɗora hannun dama bisa tebur da taimakon na hagu. Ranar ya yanka uku. Daga nan muka nemi wata kine ta zo gida sau ɗaya, ta nuna mana motsi uku, ta gyara masa zama. Muka sayi kaye, muna jan layi duk motsi goma. Da safe waya, da la'asar dara da abokansa biyu da muka je muka roƙa su dawo hira, don tun da ya kwanta suka ɗauke ƙafa, wai kada su dame shi. Cikin ƴan makonni muna ƙirga sama da ɗari biyu a rana, shi kuwa bai san ana ƙirgawa ba sai da ya ga kayen.

Yau yana shan shayi da dama, yana ɓalla maɓallin rigarsa, yana riƙe alli ya zana yanka a bisa yadi yaransa su yanka. Almakashi har yanzu ya fi ƙarfinsa. Wani kaso na wannan sauƙi, da ma jiki kan samo shi da kansa a watannin farko, shi ya sa na kawo muku bincike kafin in kawo labarin gidanmu. Amma akwai abin da na gani da idona. Likitoci sun ce kusan ɗaya cikin uku na masu AVC suna faɗawa cikin ciwon damuwa. Kawu ya kama hanyar, ya daina cin abinci sosai, ya daina tambayar shago. Ranar da ya fara gardama a kan dara, yana cewa an yi masa maguɗi, ranar mahaifiyata ta yi kuka, ta ce ƙanenta ya dawo.

To me muke nema?

Ga hukuma: a watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri na farko a tarihinsa kan ƙarfafa aikin farfaɗo da majinyata cikin tsarin kiwon lafiya. Muna so mu ga wannan a ƙasa: kine a asibitocin gundumomi, farashin zama da talaka zai iya, da horar da ma'aikatan ƙananan gidajen likita su koya wa iyalai motsin gida kafin a sallami majinyaci. Ceto rai a bar mutum a ɗaki shekara goma, aikin bai ƙare ba.

Ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta da na likita, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa: kyamarar waya a yau tana iya bin motsin hannu da yatsu. Wasa mai magana da Hausa, da Zabarmanci, wanda ba ya cin intanet, mai ƙirga motsi ya nuna wa kine, ya isa aikin kammala karatu. Ku zauna da kine tun ranar farko, kada ku ƙera sannan ku je tambaya.

Ga masu ɗakunan Play: da safe wurinku fayau yake, yara na makaranta. Awa guda a sati ga majinyatan unguwa, da rakiyar ƴan'uwansu, ba za ta rage muku komi ba.

Ga mu ƴan fada: kowace fada ta san gidan da ke da mai wannan ciwo. Ku je ku gaishe shi, ku nemi izinin iyali, ku tsara juyi, yau wane gobe wane, minti ashirin-ashirin. Ƴanmata su yi haka ga iyaye mata, don su ne aka fi mantawa a ɗaki. Kuma in ana tara kuɗin shayi da sukari, a tara na na'urar auna tansiyo guda, kowa ya auna, a auna iyaye.

Abu na ƙarshe, ku haddace shi. Idan kun ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku nufi babban asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, don yana iya shaƙewa. Kada a ba shi aspirin kafin likita ya duba, don in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Maganin narkar da toshewa, a inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Mu kwana biyu muka ɓata a kan turare, kuma har yau ina tuna su duk lokacin da na ga almakashin kawu rataye a bango.

Akwai kaye nan bakin ƙofa. Duk fadar da ta shirya ɗaukar majinyaci guda, ta rubuta sunanta da unguwarta kafin ta fita, za mu nemi kine ya zauna da ku ranar Asabar mai zuwa. Wanda ke da tambaya, bisimilla.